Ina manyan kamfanonin duniya ke samo iliminsu, kuma me Legas ke tsira da shi?

Tun watan Mayun 2024 da labari ya fito cewa Microsoft zai rufe cibiyar injiniyoyinsa da ke Ikoyi a nan Legas, maganar ba ta mutu ba, kuma ta rikita mutane da yawa don an cakuɗa ta da wasu labarai da ba jinsinsu ɗaya ba. A 2023 GSK ya ce zai daina harka kai tsaye a Najeriya ya bar wa wasu rarraba magungunansa, P&G ma ya ce zai koma shigo da kaya kawai, sai ga na Microsoft, sai aka tattara duka a buhu ɗaya aka ce Turawa na guduwa. To amma mai yin Pampers da mai yin magani matsalarsu ta dala ce da faɗuwar naira da kuma aljihun mai saye da ya bushe. Ita cibiyar Ikoyi ba ta taɓa sayar da ko allura a Balogun ko Oshodi ba, ƙwaƙwalwa aka kafa ta ta tara, injiniyoyin nan su rubuta manhajar da za a yi amfani da ita a duk duniya. A 2019 aka sanar da ita tare da 'yar uwarta ta Nairobi, da alkawarin kashe dala miliyan 100 cikin shekara biyar, ta Nairobi na nan, ta Legas aka naɗe, kamfanin ya ce gyaran tsarin ma'aikata ne kuma bai bar Najeriya ba.

Kafin mutum ya ce an yi asara ko ba a yi ba, sai ya san me irin waɗannan kamfanoni ke nema in sun tsallaka wata ƙasa neman ilimi, ta wace ƙofa suke shiga, kuma wa ke zama mai abin a ƙarshe.

Ilimin takarda da ilimin hannu

Kamfanin ƙasa da ƙasa shi ne wanda hedikwatarsa ke wata ƙasa amma yana da rassa ko masana'antu ko ofisoshi mallakinsa a wasu ƙasashe, irin su Nestlé da Unilever da MTN. Sashen da ke ƙirƙiro masa sabon abu ko gyara tsoho shi ake ce wa sashen bincike da ƙirƙira. Shi kuma fatent takarda ce da gwamnati ke ba wanda ya ƙirƙiri abu, cewa ba wanda zai kwaikwaya ya sayar sai da izininsa, yawanci na shekara 20, bayan nan kowa ya ɗauka.

Ilimin kansa iri biyu ne, kuma duk maganar nan a kansu ta rataya. Akwai wanda ake iya rubutawa, zane ne ko lissafi ko lambobin manhaja, a tura shi ta imel daga Ikeja zuwa Tokyo cikin ƙiftawar ido. Akwai kuma wanda ke hannu da ido da hancin mutum. Ka je Obalende wajen mai tsire, zai iya lissafa maka duk abin da ke cikin yajinsa, ƙuli-ƙuli kaza citta kaza, ka rubuta tsaf, amma sanin lokacin da wuta ta yi daidai da lokacin juya tsinke wannan sai yaron da ya shekara uku a gefensa yana fifita garwashi. Ilimin farko ba ya buƙatar kamfani ya motsa daga inda yake, ya saya ko ya karɓi lasisi kawai. Na biyun shi ke tilasta masa ya ɗauko jiki ya zo ya buɗe ofis inda masu shi suke, ko ya saye su gaba ɗaya.

Me ya fitar da su daga gida

Da can tsarin a fili yake, tunani a gida, haɗawa a waje. Mutanen Ojo da Alaba Rago sun san tashar da har yau ake ce wa Volks a titin Badagry, sunan ya samo asali ne daga masana'antar Volkswagen da aka buɗe a wurin cikin shekarun 1970, lokaci ɗaya da ta Peugeot a Kaduna. Motar a Jamus ko Faransa aka zana ta, kayanta a akwati suke zuwa, aikin nan shi ne ɗaurawa. Da kuɗin waje ya yi wuya a shekarun 1980 akwatunan suka ragu, sai aka ga ashe abin da ya zauna a ƙasa bai kai a ci gaba da shi ba.

Abin ya fara canzawa ne da kamfanonin suka lura ba duk masu basira ke zaune a garinsu ba, ga kuma tsadar injiniya a Amurka da Turai. A 1985 Texas Instruments ya buɗe cibiyar zane a Bangalore ta Indiya, Microsoft ya buɗe ɗakin bincike a Beijing a 1998, GE ya buɗe katafariyar cibiya a Bangalore a 2000, yau Indiya na da irin waɗannan cibiyoyi na kamfanonin waje fiye da 1,500. Masu nazarin harkar sun raba dalilin fita gida biyu. Wani ya fita ne don ya gyara kayansa su dace da kasuwar wurin, kamar yadda Nestlé ya buɗe cibiyar bincike a Abidjan a 2009 yana aiki kan su rogo da dawa da gero. Wani kuma ya fita ne don ya ɗebo abin da ba shi da shi a gida sam. Wayar da ke hannunka shaida ce ta wannan na biyun, in iPhone ce to a California aka zana ta, tsarin ƙwaƙwalwarta ya dogara da fasahar ARM ta Ingila, TSMC na Taiwan ne ya ƙera ƙwaƙwalwar da injinan ASML na Holan, idon kyamarar na Sony ne daga Japan, aka haɗa a Sin ko Indiya. Ba ƙasa ɗaya da ta iya duka.

Ƙofofin da suke bi

Buɗe cibiya, irin ta Ikoyi ko wadda Google ya buɗe a Accra a 2019 don binciken ƙirƙirarriyar basira, ita ce aka fi gani don akwai gini akwai yanka ƙyalle akwai hoto da minista. Amma ba ita ta fi yawa ba, kuma ita ta fi saurin rufuwa, don haya ce da albashi kawai, ranar da lissafi ya canza a hedikwata sai a kashe fitila.

Wadda ta fi ƙarfi ita ce saye. A Oktoban 2020 Stripe na Amurka ya sayi Paystack na Legas, rahotanni suka ce a kan sama da dala miliyan 200. Stripe ba manhajar karɓar kuɗi ya rasa ba, ita ce sana'arsa, abin da ya saya shi ne shekaru biyar da Shola Akinlade da Ezra Olubi, waɗanda suka kafa Paystack, da mutanensu suka yi suna koyon yadda bankunan Najeriya ke aiki da yadda suke ƙin aiki, da lasisi, da amanar 'yan kasuwa. Haka BioNTech na Jamus, masu rigakafin korona, suka sanar da sayen InstaDeep a 2023, kamfanin ƙirƙirarriyar basira da aka assasa a Tunisiya. Kuma ba sai fasahar kwamfuta ba. A 2015 Kellogg ya biya dala miliyan 450 ya karɓi rabin Multipro, kamfanin rarraba kaya na Tolaram masu Indomie, abin da ke cikin cinikin shi ne sanin hanyar da katan ke bi daga Ota ya isa teburin mai shayi a Agege ko shago a Sabon Gari, wanda ba littafin da ya rubuta shi.

Sai koyo daga kasuwa, nan ne ma Legas ta fi ba da gudummawa ba tare da ta sani ba. Transsion na Shenzhen, masu Tecno da Itel da Infinix, ba su zo da fasahar da ta fi ta Nokia ko Samsung ba, zama suka yi suka kalli yadda mutane ke rayuwa. Suka ga mutum na yawo da waya biyu ko uku saboda kira tsakanin layuka da tsada kuma sabis na ɗaukewa, sai suka cika kasuwa da mai layi biyu. Suka ga ba wuta, sai batiri mai daɗewa. Suka ga kyamarorin da ake da su ba sa fito da fuskar baƙar fata da kyau, musamman da dare, sai suka tattara hotuna masu yawa suka gyara lissafin kyamarar. Duk wanda ya san Computer Village a Ikeja ya san masu shago da masu gyara su ne ke fara sanin me ke lalacewa a waya da me mai saye ke tambaya, wannan bayanin yana hawa sama ta hannun dillalai da wuraren gyara har ya isa teburin mai zane a Sin. Daga baya kamfanin ya ɗauki darasin nan ya shiga da shi Indiya da Pakistan, ya kuma shiga kasuwar hannun jari ta Shanghai a 2019.

M-Pesa, hanyar tura kuɗi ta waya a Kenya, ma haka ta faru. Mutanen Vodafone a Ingila ne suka fara gwajin da tallafin gwamnatin Birtaniya, da niyyar masu ƙananan rance su riƙa biyan bashi ta waya, sai 'yan Kenya suka juya abin suna tura wa juna kuɗi, Safaricom ya lura ya sake fasalinta a kan haka ya ƙaddamar a 2007. Wato mafi tsadar ɓangaren tunanin daga masu amfani ya fito. Wani lokaci ma abin kan juyo da baya ya shiga ƙasashen masu kuɗi, kamar ƙaramar na'urar auna bugun zuciya da injiniyoyin GE suka ƙera a Bangalore don asibitocin karkara, daga baya irinta ta shiga kasuwar Amurka.

Ta ƙarshe ita ce haya daga nesa, ba ofis ba gini. Andela da aka fara a Legas a 2014 a kan wannan aka gina shi, a horar da matasa su yi wa kamfanonin waje aiki suna zaune a nan, har gidauniyar Zuckerberg mai Facebook ta jagoranci zuba masa dala miliyan 24 a 2016, shekarar da shi kansa ya zo Yaba. A 2019 kuwa Andela ya sallami ƙananan injiniyoyi sama da 400 yana cewa masu ba da aiki ƙwararru suke nema, wannan ya nuna wa ke riƙe da akalar.

Wa ke da abin a ƙarshe

Inda aka yi tunani daban, inda aka yi rajistar mallaka daban. Injiniyan da ke Lekki in ya ƙirƙiro abu a bakin aikinsa, bisa yarjejeniyar da ya sa wa hannu na kamfani ne, kamfanin kuma zai ajiye mallakar inda dokar kotu da haraji suka fi masa daɗi, shi ya sa ƙasa irin Ireland ta cika da rassan manyan kamfanonin fasaha. Daga nan reshen Najeriya zai riƙa biyan uwar kamfani kuɗin amfani da fasaha da tambari, ribar da za a yanka wa haraji a nan ta ragu. Ko kamfanonin da ake alfahari da su a matsayin na Legas, da yawansu uwar kamfanin a jihar Delaware ta Amurka take da rajista, don masu zuba jari sun fi yarda da kotun can. A 2021 da ƙasashe sama da 130 suka amince da sabon tsarin harajin manyan kamfanoni mai mafi ƙarancin kashi 15 cikin ɗari, Najeriya na cikin 'yan kaɗan da suka ƙi sa hannu, tana ganin rabon bai yi mata ba.

Ilimin gargajiya ya fi shiga tsaka mai wuya tunda ba shi da takarda ba shi da mai shi guda ɗaya. Mutanen San na kudancin Afirka sun daɗe suna tauna tsiron hoodia don kashe yunwa in sun fita farauta, cibiyar binciken gwamnatin Afirka ta Kudu ta yi masa fatent ta ba wani kamfanin Ingila lasisi, har Pfizer ya shigo, su masu ilimin ba wanda ya tambaye su, sai a 2003 aka yi yarjejeniyar ba su kaso bayan an yi ta surutu, ƙarshe ma maganin bai shiga kasuwa ba. Habasha ta ga irinsa da hatsin tef, wani kamfanin Holan ya riƙe fatent kan sarrafa garinsa har kotu a Holan ɗin ta soke a ƙarshen 2018. Namu misalin na gida shi ne Niprisan, maganin sikila da cibiyar NIPRD ta Abuja ta samar daga haɗin wani mai maganin gargajiya, aka ba kamfanin Xechem na Amurka lasisi a 2002 ya fito da shi da sunan Nicosan, kamfanin ya durƙushe a 2008, maganin ya ɓace daga kasuwa na tsawon lokaci, masu ciwon su suka ji a jikinsu. Irin waɗannan ne suka haifar da yarjejeniyar Nagoya ta 2010 kan raba amfanin albarkatun halittu, da sabuwar yarjejeniyar WIPO, hukumar kare mallakar fasaha ta duniya, ta Mayun 2024 da ta ce mai neman fatent ya bayyana inda ya samo tsiron ko ilimin.

Sabon abin da ake ɗiba yanzu shi ne bayanai, murya da rubutu da hoto. Google ya sa Hausa a manhajar fassararsa tun 2013, kuma duk injin da ke jin Hausa daga rubutu da muryar Hausawa ya koya. A 2023 mujallar Time ta ruwaito cewa ma'aikata a Nairobi da suka tace bayanai don OpenAI, masu ChatGPT, ta hannun kamfanin Sama ƙasa da dala biyu suke samu a awa.

Ɓangare biyu na gardamar

Masu ganin alheri ne hujjarsu ita ce ilimin hannu ba ya shiga jirgi ya koma. Wanda ya yi shekara uku a cibiya irin ta Ikoyi ya ga yadda ake gina manhajar da miliyoyin mutane ke amfani da ita, ko an rufe ofis abin na kansa, gobe shi zai buɗe nasa ko ya horar da wasu. Suna nuna Bangalore da aka fara da ƙaramin aiki yau ake zana manyan abubuwa, suna kuma nuna yadda cinikin Paystack ya sa masu kuɗin waje suka juyo da ido Legas, tsofaffin ma'aikatansa da dama suka kafa nasu kamfanonin.

Masu ganin kwasa ce suna cewa ai japa ce, wato ficewar ƙwararru zuwa ƙasar waje, ba tare da biza ba, ƙasa ta ɗauki nauyin karatun yaro a jami'a, bankin gida ko kamfanin gida ba zai iya biyan albashin dala ba, sai ƙwararren ya koma warware matsalar wani. Su ƙara da cewa aikin da ake kawowa galibi na ƙasan tsani ne, gwaji da tacewa da gyara, shawarar me za a ƙera tana can.

Inda duka biyun suka haɗu shi ne ilimi ba ya zuba da kansa sai akwai ƙwaryar tara. Sin ce misalin da kowa ke kawowa, ta ce duk mai son kasuwarta a fannin mota sai ya yi tarayya da kamfanin gida, Volkswagen ya shiga Shanghai a haka a 1984, a 2004 kuma ta sa su Kawasaki da Alstom suka miƙa fasahar jirgin ƙasa mai gudu a cikin kwangila, Siemens ya biyo baya. Amurka da Turai sun daɗe suna kiran wannan tilas, Sin ta ce ciniki ne. Yau abin ya juye, a 2023 Volkswagen ne ya biya kusan dala miliyan 700 ya sayi kusan kashi biyar na Xpeng don ya koyi motar lantarki. Sai dai Sin na da kasuwar da ba a iya juya wa baya da dubban injiniyoyi da ke jiran abin, ita da Koriya ta Kudu kuɗi suke zubawa a bincike, Koriya na kashe kusan kashi biyar na arzikin da take samarwa a shekara, Tarayyar Afirka kashi ɗaya ta sa wa mambobinta a matsayin buri, Najeriya ko kusa ba ta kai ba.

Ba wai babu doka a nan ba. Hukumar NOTAP tun 1979 take, da wani suna a lokacin, aikinta rajistar yarjejeniyar shigo da fasaha kafin a ba da damar fitar da kuɗin lasisi. Dokar sa 'yan ƙasa a harkar man fetur ta 2010 ita ta fi nuna tasiri a ido, a ƙarƙashinta aka kawo katafaren jirgin sarrafawa da adana ɗanyen man Egina daga Koriya zuwa Legas a 2018 aka ƙarasa haɗa shi a nan, masu walda da injiniyoyin gida suka yi aikin da a da sai a waje. Masu suka kuma na cewa ta ƙara tsada da jinkiri, kuma in ba a samu wani babban aiki ya biyo baya ba hannun da ya koya sanyi yake yi.

Abin da zai taɓa talaka

Ga mai saye, amfanin a fili yake, kaya sun fi dacewa da shi kuma sun fi araha, waya mai riƙe caji, madara a ƙaramar leda da Cowbell ya yaɗa a shekarun 1990 har manyan suka bi sahu. Amma duk abin da fasaharsa ta haya ce da dala ake biyan hayar, shi ya sa in naira ta faɗi har kayan da aka yi a Agbara ko Ikeja sai su tashi, kuma in mai fasahar ya tattara ya tafi, kamar yadda aka gani da wasu magunguna bayan 2023, farashi kan ninka kafin wani ya cike gurbin.

Ga matasa masu neman shiga, ayyukan a Yaba da Lekki da Ikoyi suke taruwa, suna son Turanci da wuta da intanet mai ƙarfi, yaron Idi Araba ko Mile 12 yana kusa da su a taswira amma sai ya sami kwamfuta da mai nuna masa hanya. Shirin gwamnati na horar da mutum miliyan uku a fasaha da minista Bosun Tijani ya fara a 2023 nan ya dosa, dokar kamfanoni masu tasowa ta 2022 ma haka. Inda ɗan Hausa ke da abin da wasu ba su da shi shi ne harshe da sanin kasuwar Arewa da Nijar, aikin fassara da naɗar murya da tantance amsar injin na ƙaruwa, galibi ta hannun 'yan kwangila, biyan kuma na kowane aiki ne ba albashi ba.

Masu ilimin da ba a rubuta ba, mai maganin gargajiya, mai kilishi, dillalin hatsi ko na shanu da ya san kaya da ido, su ne suka fi yawan haɗuwa da masu zuwa da takardar tambayoyi ko na'urar naɗar murya. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba mutum haƙƙin a gaya masa me za a yi da bayanansa na kansa, kuma yana iya janye amincewarsa. Amma ta tsaya ne a kan bayanan mutum, sunansa da muryarsa da lambarsa, haɗin magani ko sirrin sana'a ba su shiga ciki ba, waɗannan abin da aka rubuta a yarjejeniya kafin a buɗe baki shi kotu za ta duba.